Takabar Matar Ɗan Panya

Litinin, 6 ga Rajab, bayan La'asar

Yau na gane. Shekara arba'in da wani abu ina kiran mijina da sunan mutanen da suka ƙone garin mahaifiyarsa.

Malam Usuman ne ya zo gaisuwa. Tsohon abokinsa ne, tsibiri ɗaya aka haife su, tare suka baro shi suna samari, tare suka iso Jidda. Yana Madina wurin 'yarsa lokacin da abin ya faru, sai yau ya samu zuwa. Ya zauna a tsakar gida, ni ina ɗaki bayan labule, tunda takaba nake. Ya yi addu'a na ce amin. Sai na ƙara da cewa, "Allah ya kai ladan kabarin iyayensa a can garinsu, Panya."

Sai ya ce, "Mastura, wane gari kika ce?"

Na ce, "Panya mana. Garin tsohuwarsa."

Ya ce, "Ai Panya ba gari ba ne. Sunan Turawan da suka ci tsibirin ne. Isbaniya, waɗannan dai da jikokinku ke kallo suna buga ƙwallo. Bakin mutanenmu ne ya lanƙwasa shi ya koma Panya."

Ni ban taɓa kama sunan mijina ba. Haka aka tashe mu a Damagaram, mace ba ta kiran sunan miji. Da aka kawo ni gidan nan na unguwar Ruwais a Jidda na ji 'yan layi suna ce masa Ɗan Panya, sai na ɗauka na riƙe. Ɗan Panya, ruwan wanka ya yi. Ɗan Panya, ka manta albasa. Yakan yi dariya ya ce, "Na'am, 'yar Damagaram." Ko sau ɗaya bai gyara mini ba.

Da baƙon ya tafi na leƙa waje. Jan rubutun yana nan a bangonmu kamar na kowane gida a layin: ikhla, wato a fita, za a rushe. Ranar da aka shafa shi, maigidan ya jawo kujera ya zauna gabansa tun hantsi har rana ta faɗi. Bai hura wutar tsire ba, bai ci abinci ba. Na ɗauka tunanin inda za mu koma yake. Abin da ya ce kawai shi ne, "Sun sake zuwa." Na ce su wa? Ya ci gaba da kallon bangon. 'Yan kwanaki bayan nan

A'a. Wannan ba zan rubuta ba.

Talata, 7 ga Rajab, da hantsi

Shayi ya dahu, na buɗe baki zan kira shi. Bakin ya tsaya sau biyu: ɗaya don ba ya nan, ɗaya don sunan.

Alhamis, 9 ga Rajab, bayan Azahar

Ɗana Khalil ya zo da tamis da ful, burodi da dafaffen waken nan ƙasar. Bai zauna ba, yana ta kaɗa makullin mota. Ya samu shuƙƙa, wato gidan haya, a unguwar Khumra kusa da sito inda yake tuƙi, ɗaki biyu, ɗaya nawa.

Ya ce, "Ya ummi, halas, magana ta ƙare. Kowa yana ɗaure kaya. Asabar zan kawo dabbab, motar kwasar kaya."

Na ce, "Ka kawo ta ka ɗauki iska. Mai takaba ba ta kwana a wani gida sai na mijinta. A nan labarin ya same ni, a nan zan ƙarasa."

"Sai yaushe ke nan?"

"Sai bayan ƙaramar Sallah."

Ya dafe kai ya koma Larabci, kamar yadda yake yi in ransa ya ɓaci, yana ta zuba. Na bar shi ya gama. Na ce, "Da Hausa na haife ka, da ita za ka yi mini faɗa."

Ya ce, "Ummi, bangon ba zai jira Sallah ba."

Na ce, "To shi bangon ya tafi. Ni ina nan."

Ya sumbaci kaina ya fita. Ya manta bai ci ful ɗin ba. Ya rame, yaron nan.

Juma'a, 10 ga Rajab, da yamma

Bari in rubuta labarin yadda maigidan ke faɗa, kafin shi ma labarin ya tafi. Yakan ba da shi yana soke nama a tsinke, ni ina yankan albasa, da kunne ɗaya nake ji. Tatsuniya na ɗauke shi.

Ya ce mutanen mahaifiyarsa su ne 'yan asalin tsibirin. A kan dutse suke, can sama inda gajimare ke saukowa har bakin ƙofa. Ba babban gari ba ne. Gida biyar nan, gida bakwai can, kowane dangi da gonar doyarsa da bishiyoyin manjansa da inda yake binne matattunsa. A mashigar kowane ƙauye akwai ƙofar itace da aka rataya wa ƙwaryar katantanwa, wai mugun abu ba ya wuce ta.

Sai Turawan suka zo da sojoji da limaman cocinsu. Suka ce mutanen nan sun warwatsu da yawa, ba sa ƙirguwa. Wanda ba ya ƙirguwa ba a karɓar masa haraji, ba a kuma kama shi aikin gonar koko. Aka ce kowa ya sauko bakin hanya. Aka ja layi miƙaƙƙe, gida kusa da gida, coci a tsakiya, da ƙararrawa. Doka ita ce kada wanda ya kwana inda ƙararrawar ba ta kaiwa. Sabon garin aka sa masa sunan wani waliyyinsu. Mutanen ma aka sake musu sunaye. Na sama kuma aka cinna masa wuta don kada kowa ya koma.

Gonakin aka ba masu koko. Mata sukan lallaɓa su hau su tono doyar da suka shuka da hannunsu, in an kama su a ce ɓarayi ne.

Kakarsa ce, in ji shi, ta ce ba za ta sauko ba. Kullum a nan yake tsayawa, sai mai sayen tsire ya zo, ko a kira salla. Ni kuma ban taɓa cewa "sai me ya faru?" ba.

Ya sha faɗa mini sunan ƙauyen na sama. Na san ya faɗa. Ina yankan albasa.

Litinin, 13 ga Rajab, da asuba

Sun fara rusau daga ɓangaren teku. Ƙarar tana shigowa ta ƙasa, ta tabarma.

Laraba, 15 ga Rajab, bayan La'asar

Rakia ta tafi. Maƙwabciyata ce, bango ɗaya ya raba mu tun kafin in haifi Khalil, ita ce mai ƙosan bakin layi. Iƙamarta, takardar zaman ƙasa, ta mutu tun bara, kuma ba mai ba da haya ga wanda ba shi da takarda. Maraɗi za ta koma, garin da ta bari tana budurwa.

Ta shigo da kaskon suyarta ta dire mini. Ta ce, "Riƙe. Ba zan hau jirgi da shi a yi mini dariya ba."

Na ce, "Me zan yi da shi? Ni ban iya ƙosai mai shan mai irin naki ba."

Ta ce, "Ji ta! Shekara nawa kina aiko yara da kwano ta bayan gida?"

Muka yi dariya har muka koma kuka. Ta share fuska ta ce, "Mastura, don Allah ki bi ɗanki. Taurin kai gare ki kamar jakin 'yan ruwa. Maigidanki ya riga ya huta, ba ya cikin bangon nan."

Na ce, "Na sani, Rakia. Amma an wanke shi an ɗauke shi ban raka shi ba. Kabarinsa ba suna, ba alama, mata ba ma shiga. Abu ɗaya ya rage da zan yi masa, in zauna masa a ɗakinsa. Shi ma a ce in bari?"

Ta gyara mini ɗankwali kamar wata yarinya, ta fita. Ban raka ta ƙofar layi ba. Ba a yarda ba.

Asabar, 18 ga Rajab, da rana

Motar ruwa ta daina shigowa. Khalil yana kawo jarkoki da safe, yana ajiyewa ba magana.

Na kira 'yata Wejdan a waya, tana aure a Aziziyya, cikinta ya tsufa. Na ce ta binciko mini sunan ƙauyen kakanninta a wayar nan da ta san komai. Ta jima tana dubawa. Ta ce, "Mama, duk San kaza ne, Santa kaza. Wanne ne namu?"

Na ce ba waɗannan ba, na sama, wanda aka ƙone.

Ta ce, "Mama, ma fi, babu shi. Wanda aka ƙone ba ya kan taswira."

Na ce, "To shi Ruwais ɗinmu ki duba shi da kyau yau."

Talata, 21 ga Rajab, bayan Azahar

Injin rusau ya iso bayan gidan Rakia. Ina tuƙa tuwo ƙura ta taso ta rufe tukunyar. Na je bayan ƙofa na ɗaga murya, da Hausa, don na san ba mai ji: "Kai, marar kunya! Uwarka ba ta koya maka a yi sallama ba? Ka cika mini tuwo da ƙasa!"

Injin ya mutu. Sai na ji takun mutum, sai murya a bakin ƙofa: "Salamu alaikum. Inna, yi haƙuri, ban san da mutum ba."

Hausa. Tsantsarta.

Sunansa Youssouf, daga Chadi, shi ke tuƙa injin. Ta bayan ƙofa muka yi magana. Na gaya masa takaba nake. Ya yi salati ya yi mini gaisuwa yadda ake yi a gida, har da tambayar ya haƙuri. Ya ce, "Wallahi Inna ni ɗan aike ne. Inda aka nuna mini nan nake sa hannun ƙarfen."

Na ce, "Waɗanda suka sa wa garin surukata wuta ma 'yan aike ne. Baƙaƙe ne irinmu, Baturen yana tsaye gefe da hula."

Bai gane ba, ina zai gane. Ya ce, "Ba zan iya hana su ba. Amma ni ke zaɓar inda zan fara kowace safiya. Zan riƙa farawa daga can nesa."

Na ce, "Ka ci abinci?"

Ya ce, "Wanne, tuwon da na zuba wa ƙasa?"

Na kwashe saman na miƙa masa na ƙasan ta gefen ƙofa. Ya dawo da kwanon a wanke.

Juma'a, 24 ga Rajab, bayan Magariba

Yau aka yi sadakar arba'in. Ba mu yi da ƙarfi ba, nan ba a son irin wannan taron. Maza kaɗan a tsakar gida, mata kaɗan a ɗaki tare da ni. Yawancin 'yan layin sun watse, wasu daga Khumra suka zo, wasu daga Bahra.

Limamin da ya ja addu'ar sabon zuwa ne. Ya ce, "Allah ya jiƙan bawansa... ya ma sunan?" Wani ya ce masa, "Ɗan Panya mai tsire." Liman ya ɗauka, "Allah ya jiƙan bawansa Ɗan Panya."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ce daga bayan labule, da ƙarfi, "Ba sunansa ba ne. Na'ibi sunansa. Na'ibi ɗan Abdallah da Mariya."

Wata tsohuwa kusa da ni ta rufe baki ta ce, "La ilaha, Mastura, sunan miji?" Na ce, "Ƙwarai. Gara in ji kunya da a kai shi gaban Allah da sunan waɗanda suka kori uwarsa."

Liman ya yi gyaran murya ya sake daga farko. Na ji Malam Usuman ya ce amin fiye da kowa.

Sunan ya yi mini nauyi a baki kamar na ɗauki dutse da harshe. Yana da daɗi kuma. Ashe haka yake.

Lahadi, 26 ga Rajab, da yamma

An yanke wuta. Mukayyif mai sanyaya ɗaki ya yi shiru, sauro ya samu gari.

Talata, 28 ga Rajab, da hantsi

Khalil ya je ya tambayo malamai, ba ɗaya ba. Ya zo yana murna kamar ya tsinci abu. Ya ce duk bakinsu ɗaya: in gida zai faɗi, ko an fitar da mace dole, ta koma wani wuri ta ƙarasa iddarta, ba laifi a kanta.

Na ce, "Na sani."

"Kin sani?"

"Tun ranar farko. Ka ɗauka ban yi karatun allo ba?"

"To me ya zaunar da ke, ya ummi? Allah ya yafe miki!"

Na ce, "Allah ya yafe mini. Ni ce ban yafe ba. Sun ce in an fitar da mace dole. To ba a fitar da ni ba tukuna. Rubutu aka yi a bango. Ni ba a korata da fenti."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da gadon babansa. Ya ce, a hankali, "Shi ma haka ya yi ta zama a rana gaban rubutun nan. Kin ga abin da ya jawo. Ba zan iya biyu ba."

Na ba shi ruwa.

Ba zan fita ba. Ba zan fita ba. Na rubuta sau biyu don hannuna ya ji.

Laraba, 29 ga Rajab, bayan La'asar

Wejdan ta zo da jaka. Mijinta ya sauke ta a bakin titi, ta tako ta cikin ɓaraguzai da cikin nan nata, tana riƙe ƙugu.

Na ce, "Me ya kawo ki?"

Ta ce, "Zama."

"Wane zama? Ba wuta, ba ruwa, ɓeraye sun fi mutane."

Ta shimfiɗa abayarta ta kwanta a tabarmata. Ta ce, "Inti ba ki fita, ana ba na fita. Khalil ya ce taurin kai gado ne, to na zo karɓar rabona."

Hausarta duk a karye, inti a madadin ke, ana a madadin ni. Amma na ji ta sarai.

Na yi mata faɗa, na yi lallashi, na ce zan yi fushi. Ta yi barci ta bar ni ina magana. Na zauna ina yi mata fifita. Bakinta a buɗe kamar na babanta.

Asabar, 2 ga Sha'aban, da safe

Layin ya ƙare, saura mu. Daga ƙofata yanzu ana hango teku, abin da ban taɓa gani ba tun da na zo gidan nan.

Youssouf ya ƙwanƙwasa. Ya ce, "Inna, nesa ta ƙare. Talata ce. In ban yi ba za a kawo wani, shi kuma ba ya jin Hausa."

Wejdan tana tari tun jiya. Ƙafafunta sun kumbura.

Lahadi, 3 ga Sha'aban, bayan Azahar

Na aika aka ɗauko Malam Usuman. Khalil ya riƙo hannunsa ta cikin duwatsun. Na ce, "Malam, ka san surukata. Kakar nan da ta ƙi saukowa daga dutse, yaya ta ƙare? Kashe ta suka yi?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Kashe ta? Da wa zai raini Mariya har ta haifi Na'ibi? Ai Mariya tana goye a bayanta ranar. Daga bakin Mariya na ji, ita kuma daga uwarta."

Ya ce kowa ya sauka, ita kaɗai ta rage. Sojoji suka zo suka same ta ta ɗora doya a wuta. Suka ce tashi. Ta nuna musu tukunya, ta ce ba a barin abinci a wuta. Suka tsaya. Doya ta dahu, ta sauke, ta zauna ta ci a natse, ta ba 'yarta nono, su suna tsaye da bindigogi rana tana dukansu, Baturen yana ta zagi da yarensa. Da ta gama sai ta ɗebo ruwa ta kashe murhunta, har toka ta jiƙe. Ta ce in za su ƙone gidan su nemo wutarsu, ba da tata ba. Sannan ta gyara goyo ta sauka da ƙafarta, ba wanda ya taɓa ta.

Na ce, "Ashe ta sauko."

Ya ce, "Ta sauko. Saboda abin da ke bayanta. Amma har ta mutu ba ta taɓa kiran sabon garin da sunansa ba. In an ce ina kike zaune, sai ta ce a ƙasa."

Na ce, "To na saman, ya sunansa?"

Ya daɗe yana motsa baki. Ya ce, "Wallahi ya ɓace mini. Ni ɗan cikin birni ne, ubana fatauci ya kai shi. Amma akwai wata tsohuwa a Makka, 'yar can ce, ta musulunta ta zo tun da daɗewa. In tana da rai za ta sani."

Duk wannan Wejdan tana zaune tana ji, hannunta a kan cikinta. Ba ta dube ni ba. Ni ma ban dube ta ba.

Litinin, 4 ga Sha'aban, da yamma

Na ce wa Khalil ya kawo motarsa gobe. Na ce ya biya ya sayo nama, cinya guda, da gawayi. Ya buɗe baki, na ce kada ka tambaye ni.

Talata, 5 ga Sha'aban, bayan Magariba, a Khumra

Da sassafe aka kwashe kaya. Gado, tukwane, kaskon Rakia. Na ce a bar tabarma da buta da murhun tsiren maigidan.

Na sa Khalil ya fitar da murhun ƙofar gida, daidai ƙarƙashin jan rubutun, ya hura. Ni na yanka naman a ciki, na soke, na barbaɗe da sauran yajin da babansu ya daka da hannunsa. Gwangwani ɗaya ya rage. Na juye shi duka.

Da hantsi injin ya iso, da ma'aikata, da shugabansu mai farar hula. Ya tarar da hayaƙi. Ya ce, "Esh hada? Yalla ya hajja, yalla!" Wato mene ne wannan, in yi sauri in fita.

Wejdan ta fita ta tsaya a bakin ƙofa da cikinta a gaba. Ta gaya masa da Larabcin da ya fi nasa: sadakar mamaci ce, naman yana wuta, ba a tashi sai ya gasu. Ya duba agogo. Ya yi waya. Ya sake cewa yalla, amma ƙamshin ya riga ya kai masa. Duk wanda ya tashi a Jidda ya san ƙamshin nan.

Youssouf ya kashe injin ya sauko ya ce, "A ba ni mafici, wannan yaron bai iya ba." Khalil ya ce, "Wa ye yaro? Ɗan mai tsire ne ni!" Suka yi ta musu a kan wuta, ɗaya yana juyawa ɗaya yana fifita.

Ni ina ciki. Na share ɗakin, lungu-lungu, har ƙarƙashin inda gadon yake. Na yi sallar Walaha a wurin da yake sallarsa. Na zauna. Ban yi sauri ba. Na ji su a waje suna ci, Bangali da Bayamane da ɗan Chadi, har mai farar hular, na ji ya ce Allah yarhamu da baki cike. Sai da aka kira Azahar a wani masallaci can nesa, namu babu shi. Na yi ta ita ma a ɗakin.

Sannan na yafa mayafi na ɗauki buta na fito. Rabona da waje tun ranar da aka ɗauke shi. Hasken ya soke mini ido. Mazan suka juya baya, Allah ya yi musu albarka. Na tsiyaye ruwan butar a kan garwashin har ya daina huci.

Youssouf ya ce, "Inna, ki yafe mini."

Na ce, "Ka bari sai mun sha kwana. Kuma ka yi bismilla."

Khalil ya kawo mota har ƙofa. Na ce a'a, ka jira ni a titi. Na kama hannun Wejdan muka taka, a hankali, don ita ba ta iya sauri, ni kuma ban ga dalilinsa ba. Ba wanda ya taɓa ni. Ba wanda ya sake ce mini yalla.

Ban waiwaya ba. Na ji dai.

Laraba, 6 ga Sha'aban, da rana

Akwai wuta, akwai ruwa. Tagar tana kallon bangon sito. Tarin Wejdan ya lafa, mijinta ya zo ya ɗauke ta.

Juma'a, 8 ga Sha'aban, bayan La'asar

Matar gidan da ke kusa ta shigo gaishe ni, 'yar Sudan ce, Safia. Ta ce, "Hajiya, kin zama 'yar Khumra ke nan." Na ce a'a, ajiye ni aka yi.

Khalil ya ce, "Halas, ummi, an wuce wurin." Na bar shi. Yana barci yanzu, ya fara cin abinci, wannan ya ishe ni daga gare shi.

Ni ban ce halas ba. Takabar da na so in yi masa a ɗakinsa ba ta cika a can ba, sauran a nan zan yi ta, a ɗakin da bai taɓa takawa ba. Wejdan ta kusa sauka. Abin da za ta haifa wata rana zai tambayi garin kakanninsa, kuma ba zan ce masa Panya ba.

Tsohuwar nan tana Makka, in tana da rai. Ni ba na fita sai bayan Sallah. Ba a je an tambaye ta ba tukuna.